Yadda Ake Saita Ƙararrawar Matsalar Layi a Kafofin Na'urar Gwajin Faiba, Daga 10G Zuwa 100G

Duk wanda ya taɓa miƙa sabon layin faiba ya san tambayar da mai layi ke fara yi: "Ya tashi?" Sai a leƙa kafar na'ura, a ga koriyar fitila, a ce ya tashi, a naɗe kaya a kama hanya. Koriyar fitilar nan kuwa labarin daƙiƙar da kake tsaye kawai take ba ka. Ba ta san abin da zai faru ƙarfe uku na rana a watan Afrilu ba, lokacin da ɗakin na'urori ya ɗau zafin Sakkwato, ba ta kuma san daren da za a ɗauke wuta janareta ya karɓa ba. Na'urar gwaji, ta VIAVI ce ko EXFO ko Anritsu ko VeEX, tana iya riƙe maka labarin gaba ɗaya: yaushe layi ya faɗi, ya daɗe nawa, kuma ta wane ɓangare. Sai dai sai ka saita ta, ka kuma jarraba ƙararrawar da hannunka kafin ka yarda da ita. Sunayen maɓallai sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma duka ƙa'idar IEEE 802.3 suke bi, don haka aikin ɗaya ne.

Ka fara sanin abin da LF da RF ke faɗa

Tun da aka fitar da ƙa'idar 10G, mai gudun gigabit 10 a daƙiƙa, a shekarar 2002, wato 802.3ae, aka sa wa kowace kafa hanyar gaya wa abokiyarta cewa akwai matsala. Sashe na 46 ne ya tsara haka, sannan 802.3ba ta 2010 ta ɗauko tsarin zuwa 40G da 100G a sashe na 81. Saƙo biyu ne za ka riƙa cin karo da su a allo: LF, matsalar gida, da RF, matsalar nesa.

A ce na'urarka tana Arkilla, suwicin da kake gwadawa yana Mabera, tsakaninku sili biyu na faiba, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Masu haƙa kwalbati suka tsinke silin da ke kawo haske daga Mabera. Kafarka ta Arkilla ta daina ganin haske, sai ta ɗaga LF, ta dakatar da tura bayanai, ta shiga aika RF babu ƙaƙƙautawa ta silin da ya rage. Suwicin Mabera ya karɓi RF, shi ma ya daina tura bayanai, ya koma aika alamun cike gurbi waɗanda ba su ɗauke da komai. Kamar mutum biyu ne a waya: wanda sauti ya ɗauke masa shi ke ta cewa "ba na jin ka," ɗayan kuma yana jin wannan ƙorafin rangaɗau.

Daga nan ka riƙe abu biyu. In ka ga LF, matsalar tana kan hanyar da ke zuwa gare ka. In ka ga RF kai kaɗai ba tare da LF ba, kai kana karɓa lafiya, abin da kake aikawa ne ba ya isa can. Na sha ganin ma'aikaci ya ga RF ya duƙufa goge kan silin da ke shigowa, alhali wancan silin lafiyarsa ƙalau, na fita ne ke da datti. Rabin wahalar neman matsala a wannan rikicewar take.

A 10G saƙon kansa bayit huɗu ne, wato jeri ɗaya: 9C 00 00 01 na LF, 9C 00 00 02 na RF. Kafa ba ta yarda da shi sai ta ga iri ɗaya sau huɗu, tazarar kowanne da na gabansa ba ta kai jeri 128 ba, kuma tana sauke ƙararrawar idan jeri 128 suka wuce babu shi. A gudun 10G, jeri 128 bai kai rabin maikurosakan ba. Wato matsala na iya zuwa ta wuce idonka na kan allo ba ka ga komai ba, bayanan mai layi kuwa sun zube. Shi ya sa rajista ta fi fitila muhimmanci. Kafar 1G ba ta aiki da wannan tsarin, kada ka ɓata lokaci neman LF a kanta.

Kafin ka taɓa allo

Zuciyar faiba mai tafiya nesa kaurinta maikuron 9 ne kacal. Ƙwayar ƙurar hunturu guda ta isa ta toshe wani sashe nata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan ka cire hular kan igiyar haɗi ka ajiye ta a kan tebur na minti biyu a garin nan, ka ɗauka ta yi datti. Duba kan da madubin duba faiba, ka goge da alƙalamin gogewa, ka sake dubawa, sannan ka soka. Ka yi wa ramin modul, wato ɗan abin da ake sokawa a kafa mai fitar da haske da karɓarsa, haka shi ma. Yawancin madubai na yanzu suna yanke hukunci da kansu bisa ma'aunin IEC 61300-3-35, su nuna maka ya ci ko ya faɗi. Kada ka hura da baki, kada ka goga a riga, kuma kada ka taɓa kai kan faiba kusa da ido don ganin ko akwai haske. Hasken 1310 da 1550 nanomita ido ba ya ganinsa, amma yana cutar da shi.

Duba launin kai. Shuɗi UPC ne marar karkata, kore APC ne mai karkatar digiri 8. Modul na SFP+ ko QSFP28 mai ramin LC kusan kullum shuɗi yake karɓa. In ka haɗa kore da shuɗi haske zai zube, wataƙila ma ka karce kawunan biyu.

Sai modul. Wanda ke kafarka dole ya zama jinsin wanda ke can: SR na gajeren zango da SR, LR na dogon zango da LR, LR4 mai layukan haske huɗu da LR4. LR na 10G yana tafiya kilomita 10, kuma yana karɓar haske tsakanin −14.4 da +0.5 dBm, ma'aunin ƙarfin haske. ER na kilomita 40 yana iya fitar da har +4 dBm, mai karɓarsa kuwa ba ya son abin da ya haura −1 dBm. Saboda haka idan za ka haɗa ER a gajeriyar tazara, ko ka mayar masa da haskensa, sa abin rage haske na 5 ko 10 dB a tsakani, in ba haka ba ka ƙona modul mai tsada tun kafin a fara aiki.

Saita kafar ta yi magana ɗaya da ta can

Zaɓi gudu. A 10G akwai LAN mai 10.3125 da WAN mai 9.953 gigabit a daƙiƙa, kuma kusan duk suwici LAN yake so. Agogo ka bar shi na ciki idan na'urarka ce ke haifar da bayanai, ka tabbata gyaran ppm, wato karkatar gudun agogo da ake aunawa da kashi cikin miliyan, yana kan sifili, domin wanda ya ari na'urar kafinka zai iya barin shi a karkace. A LAN ƙa'ida ta yarda da bambancin ppm 100 sama ko ƙasa, babu ƙari.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne FEC, tsarin gyaran kuskure. A 10G ta faiba babu wannan maganar. A 100G, LR4 ba ya buƙatarsa, SR4 da CWDM4 kuwa da RS-FEC suke aiki. A 25G zaɓi uku ne: babu, ko BASE-R, ko RS. In ɓangare ɗaya ya kunna ɗaya bai kunna ba, haske zai yi kyau, kawunan su yi tsaf, amma LF ta tsaya ja ta ƙi sauka. Kada ka yi hasashe. Kira wanda ke can ya karanta maka abin da ke kan kafarsa. In sabar Linux ce, umarnin ethtool --show-fec zai nuna masa, ethtool -m kuma ya nuna ƙarfin hasken da yake karɓa.

Daga ƙarshe ka kunna leza. Na'urori da yawa suna farawa da ita a kashe, kuma a QSFP28, modul na 100G, kowane layin haske cikin huɗun da ke ciki yana da nasa makunni.

Kunna lura, sannan ka yanke shawara kan amsawa

A shafin saitin kafa za ka sami abu biyu da ake yawan ɗauka ɗaya ne. Na farko lura: na'ura ta ga LF ko RF ta rubuta. Na biyu amsawa: ta yi abin da suwici na gaske zai yi, wato ta mayar da RF idan ta ga LF, ta dakatar da bayanai idan ta ga RF. Wasu na'urorin suna sa wa wannan suna LFS.

Lura kullum a kunne. Amsawa kuwa ya danganta da aikin. In kana karɓar layi ne don miƙa wa mai shi, kunna ta, saboda kana so na'urarka ta zama tamkar kayan da zai sa gobe. In kana gwajin hanya guda ne da gangan, kana aikawa ba ka jiran dawowa, kashe ta, don in ba haka ba na'urar za ta ga babu haske ta ƙi tura komai, ka zauna kana mamaki. Haka nan in ka raɓa na'urar ne ta marabin haske kana sauraron layin da ke aiki, kashe amsawa, ka kashe leza ma.

Yanzu zaɓi ƙararrawar da za a rubuta. Suna da tsani, kuma daga ƙasa ake karanta su. A gindi akwai LOS, babu haske sam. A samansa akwai kama tubali: tsarin 64b/66b yana sa wa kowane tubali kai mai bit biyu, kuma kafa tana son ganin 64 masu kyau a jere kafin ta ce ta kama. A 40G da 100G akwai ƙarin mataki, kama alamar jera layuka, domin an raba bayanan zuwa layukan PCS 4 a 40G, 20 a 100G, kuma dole a sake jera su. Sai Hi-BER, ƙararrawar yawan kuskure, wadda a 10G ke tashi idan kawunan tubali 16 suka lalace cikin maikurosakan 125. LF tana zaune a kan duk waɗannan. Kowanne daga cikinsu ya faɗi, za ta tashi. Don haka idan allo ya cika da ja, ka gangara ka nemo ja mafi ƙasa, shi ne asalin, sauran duk sakamakonsa ne. Kunna su duka, har da RF.

Ƙarfin haske da zafin modul suna zuwa ne daga modul ɗin kansa, bisa tsarin SFF-8472 na SFP da SFF-8636 na QSFP. Iyakokin da kamfani ya rubuta a ciki suna da faɗi, sai layi ya kai bakin mutuwa suke magana. Ni abin da nake yi, in na auna hasken da ke shigowa bayan gogewa, sai in sa iyakar gargaɗi 2 ko 3 dB ƙasa da shi, in na'urar ta ba da dama. In ba ta bayar ba, rubuta adadin farko a takarda ka manna. Layin da ya fara da −7 dBm ya sauko −11 yana gaya maka wani abu, ko da har yanzu yana aiki. A LR4 ka duba layuka huɗun ɗaya bayan ɗaya, domin jimlar haske na iya yin kyau alhali layi ɗaya ya mutu.

Zafi kuma a nan ba abin wasa ba ne. Modul na gama-gari an yi shi ne don digiri 0 zuwa 70. A bazara iskar waje tana haura 40, kuma kwantenar da na'urar sanyayawarta ta tsaya tana wuce haka nesa, ga modul na 100G da nasa zafin da yake haifarwa. Sa gargaɗi a wajen 60 don ka sami sararin yin wani abu. In wurin ba shi da tabbacin sanyi, nemi modul mai jure −40 zuwa 85.

In FEC na kunne, buɗe ƙidayarsa guda biyu: wanda aka gyara da wanda ya gagara. RS(528,514) yana gyara alamomi 7 a kowane ƙunshi, RS(544,514) na 400G yana gyara 15. Ganin na farko yana hawa ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Na biyu kuwa ko ɗaya ne, bayanai sun ɓata. Abin da nake so ka sa wa ido shi ne saurin hawan na farko, domin FEC yana rufa wa layi mara lafiya asiri har ranar da zai kasa.

Lokaci da rajista

Rajistar da agogonta ba daidai ba ba ta da amfani a gaban kowa. Daidaita agogon na'urar da sabar lokaci ta NTP ko da GPS. Ku yi ittifaƙi da ɗakin kula da layi na kamfanin sadarwa kan lokacin da za ku yi amfani da shi, don da yawansu UTC suke rubutawa, agogon Najeriya kuma yana gaba da shi da awa ɗaya. Awa ɗayan nan ta isa ta sa a ce maka "ba mu ga komai a lokacin da ka faɗa ba."

Kunna rajistar aukuwa, ka zaɓi a ajiye lokacin farawa, tsawon lokaci, da adadin tashin kowace ƙararrawa. Daƙiƙu goma na LF a tashi ɗaya daban ne da tashi goma na daƙiƙa ɗaya-ɗaya. In na'urar tana aika rahoto ta SNMP ko syslog, nuna mata adireshin sabar ku. Jona ta a inbata ko UPS, kada ka dogara da batirinta na dare guda. Sannan, bayan duk soke-soke da zare-zaren da ka yi, danna share tarihi. A yawancin na'urori ja na nufin matsalar tana nan, ruwan ɗorawa na nufin ta faru ta wuce, kuma ruwan ɗorawan da kai ka jawo da hannunka zai rikita wanda zai karanta da safe.

Jarraba ƙararrawar

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, ni kuma shi na fi bai wa muhimmanci. Ka tabbata kafar da ke can ba ta ɗauke da bayanan kowa, sannan ka yi abu huɗu kana waya da abokin aikinka.

Da amsawa a kunne, zare silin da ke shigowa. Ya kamata ka ga LOS da LF, shi kuma ya ga RF. Mayar, ka goge tukuna. Kashe lezarka: kai za ka ga RF, shi ya ga LF. Sai ka shiga shafin cusa ƙararrawa ka aika LF da gangan. Suwici mai bin ƙa'ida zai mayar maka da RF nan take. A ƙarshe aika RF: bayanan da ke zuwa daga can za su tsaya cik, allonka babu ja ko ɗaya, shi kuma kafarsa ta nuna ta faɗi. Wannan na ƙarshen yana koya wa mutum cewa layi na iya mutuwa a can kai kana ganin kore.

Bayan kowace jarrabawa buɗe rajista ka ga an rubuta, da lokacin da ya dace. In ɗaya bai fito ba, koma saiti. Da ka gama, tabbatar ka kashe cusawar, ka sake share tarihi.

Idan akwai kayan kamfanin sadarwa a tsakani

Layin da ya fita gari, zuwa Birnin Kebbi ko Gusau ko Illela, da wuya ya zama faiba tsura daga kafa zuwa kafa. Yana bi ta na'urorin DWDM ko OTN, akwatunan kamfanin sadarwa masu ɗaukar layuka da yawa zuwa nesa. Nan karatun ya ɗan canza. Hasken da kake karɓa daga akwatin da ke ɗaki ɗaya da kai yake fitowa, don haka ko an tsinke faiba a tsakiyar daji, haskenka na nan daram, babu LOS. Abin da akwatin ke yi shi ne ya cusa maka LF a madadin bayanan da suka ɓata. In ka ga LF da haske mai kyau da tubali a kame, matsalar tana can gaba, kada ka taɓa igiyoyinka.

Wasu akwatunan an saita su su kashe leza maimakon haka, wasu kuma ba sa isar da komai, wanda shi ne mafi muni, don rautar mai layi za ta ci gaba da zuba bayanai a hanyar da ta mutu. Tambayi injiniyansu kai tsaye: "Yallaɓai, in layinku ya yanke, me kafata za ta gani, LF ko ɗaukewar haske? Kuma milisakan nawa kuke jira kafin ku isar?" Jiran yana da dalili. In suna da hanya ta biyu, ana sa ran komawa kanta cikin milisakan 50, kuma ba a so rautar mai layi ta razana kafin a gama. Roƙe shi ya sauya hanyar sau ɗaya kana kallo, ka kunna ma'aunin tsawon yankewa, SDT, ka rubuta adadin da ya fito.

A bar ta ta kwana

Ta fuskar lissafi, don ka ce kuskure bai kai ɗaya cikin tiriliyan ba da tabbacin kashi 95 cikin 100, kana buƙatar bit tiriliyan 3 su wuce babu kuskure: minti 5 a 10G, daƙiƙa 30 a 100G. Wannan ya gamsar da takarda. Gwajin ingancin layi na RFC 2544 ko Y.1564 ma gajere ne. Ni dai ba na sa hannu sai na'ura ta yi awa 24 da bayanai cike da layi, don ta ratsa zafin azahar zuwa la'asar, ta ratsa sauyin wuta, ta ratsa sanyin asuba.

Da safe ka karanta lokutan tare da ƙararrawar. LF da ke zuwa da rana tare da hawan zafin modul, sanyaya ɗaki ko canza modul. LOS na 'yan mintuna da ya zo daidai da ɗaukewar wuta, batirin wurin da ke can ne ya gaji. RF mai walƙiya tana zuwa tana tafiya, koma kan silin fita da modul ɗinka. Hi-BER da hasken da ke sauka a hankali, nemi inda faiba ta lanƙwashe ko ƙofar kabad ta matse ta. Fitar da rahoton zuwa filashi kafin ka kashe na'urar, ka haɗa da ƙarfin hasken ɓangarorin biyu, saitin FEC, lambar kowane modul, hoton kawunan da ka duba, da sakamakon jarrabawa huɗun nan, ka ba mai layi kwafi, ka ajiye naka.